Shekarar da Baba Ya Ajiye Aska

Akwai wata magana da ke yawo a danginmu tun kuna ƙanana, wadda na tabbata kowannenku ya ji ta, wasunku ma sun maimaita ta a gabana suna dariya. Ana cewa kakanku Garba Wanzami ya bar sana'a ne saboda hannunsa ya kama rawa, har ta kai in yaro ya zubar da koko ko ya kasa zura zare a allura sai a ce ya gado Baba. Na daɗe ina jin haka ina yin shiru, domin shirun aka roƙe ni. Yanzu waɗanda shirun ya kare duk sun girma, waɗanda maganar za ta sosa wa rai sun riga mu gidan gaskiya, yayanku Sanusi kuma, wanda abin ya fi shafa, ya ce in rubuta. To ga yadda aka yi.

Gidanmu na Argungu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Baba shi ke aske unguwarmu, shi ke ƙaho, shi ke cire wa jarirai beli, shi ke yi wa yara kaciya idan an gama girbin shinkafa sanyi ya shigo. Mutum ne marar yawan magana, mai tsabta har ta yi yawa, kuma bai yarda wani ya taɓa masa zabira ba, ko Inna. Ni ne ɗan fari, don haka ni ya kamata in gaji zabirar, amma aka saka ni makaranta, makaranta ta miƙa ni ga wata, har na tsinci kaina ma'aikacin ɗakin awon jini a asibiti. Ƙanena Mamman ne ya zauna yana riƙe wa Baba ƙaho. Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, sai ya laƙaba mini Mai Kwalabe, kuma duk sa'ad da na zo gida sai ya taɓa ni da ita.

"Mai Kwalabe," in ji shi, "ni jinin da nika hiddawa ina ganinai da idona, in turbuɗe shi ƙasa in yi gaba. Kai kau sai ka ɗura shi kwalba kana leƙe kamar mai duba. Mi kaka gani ciki?"

Nakan yi dariya in ce wata rana zan nuna masa. Ban zaci ranar za ta zo ba.

Innarku Hajara ɗiyar ƙanen Baba ce, a gida ɗaya muka tashi, kuma kowa ya yi murna da auren, har da mu. Haihuwarta ta fari mace ce, a Argungu. A kwana na uku Baba ya zo da sassafe ya cire wa jaririyar beli kamar yadda ya cire wa kowannenmu. Abu ne na ƙiftawar ido, jariri ya yi kuka, a ba shi nono, shi ke nan. Ita jininta bai tsaya ba. Ba zuba yake yi ba, tsattsafowa yake a hankali, a goge ya dawo, a goge ya dawo. Ta rasu ba a kai ga suna ba. Mata suka ce mayu ne, maza suka ce kwana ya ƙare, ni kuma a lokacin sabon ma'aikaci ne, ban san abin da ya wuce wanke kwalabe da neman ƙwayar zazzaɓi ba, don haka na karɓi gaisuwa tare da kowa. Baba kuwa ya yi kwanaki bai fita da zabira ba.

Sanusi an haife shi ne lokacin da aka tura ni ƙaro karatu nesa da gida, na kuma tafi da innarku. A asibiti aka haife shi, babu wanzami kusa, don haka ya tsira da belinsa. Baba ya yi ƙorafi da muka dawo, amma yaro ya riga ya yi wayo, aka bar maganar. Aka ajiye ni Birnin Kebbi, muka kama haya a Nasarawa. A wancan zamani muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, garin bai cika haka ba, in na hau babur daga gida kafin in isa asibiti na gaisa da rabin mutanen da na sani. A nan Sanusi ya tashi, yaro mai ƙiriniya da surutu, sai dai kullum da tabo a jikinsa. In ya yi karo da turmi wurin ya yi baƙi kamar an doke shi. Haɓo kuwa ba a magana, innarku ta gaji da wankin matashin kai. In ya yi asuwaki dasashinsa ya yi ta jini. Ran da ya fara famfara, haƙori ɗaya tak ya fita, muka wuni muna danna masa auduga. A ranar ne na tuna da yayarsa, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai in tsaya nan in yi muku bayanin abin da na yi shekaru ina kallo a madubin awo, don in ba ku gane shi ba, sauran labarin zai zame muku rigimar uba da ɗa kawai. A cikin jini, ban da jajayen ƙwayoyi da farare da kuka karanta a makaranta, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A wurin aiki filetilet muke ce musu, amma in ina yi wa mutanen gida bayani 'yan toshiya nake kiransu. Ɓargo ne ke yin su, ba sa kuma daɗewa, bayan 'yan kwanaki sai wasu su maye gurbinsu. Muddin jijiya lafiya take, yawo kawai suke yi sumul, ba sa manne wa bango, ba sa manne wa juna, domin fatar cikin jijiyar kanta tana fitar da abin da ke kwantar da su. Da zarar aska ko ƙaya ta yanki jijiya, sai ta tsuke bakinta, sannan zaren naman da ke bayan fatar nan, wanda jini bai saba taɓawa ba, ya bayyana. 'Yan toshiyar da suka zo wucewa sai su maƙale a jikinsa, maƙalewar nan kuma ita ke tashinsu. Sai su kumbura, su fitar da 'yan yatsu ta ko'ina, su zazzage abin da ke cikinsu. Abin da suka zazzage shi ne kiran da ke tayar da na kusa da su, waɗannan su ma su kira wasu, kafin ka ce me wurin ya cika.

Taruwa kaɗai ba ta toshe komai, sai sun riƙe juna. A jikin kowane ɗaya akwai wasu ƙugiyoyi da ke naɗe, ba sa buɗewa sai ya farka. Da su yake kama wani sinadari da ke narke a ruwan jini, na kusa da shi ya kama ɗaya bakin, haka haka har su dunƙule su cushe ɓarakar. Wannan toshiya ta farko ba ta da ƙwari. A kan bayansu ne ruwan jinin ke saƙa zare ya lulluɓe su kamar homar masunta, ya tare jajayen ƙwayoyi a ciki, shi ne gudan jinin da kuke gani a kan rauni. Aikinsu na ƙarshe shi ne su ja zaren nan da ƙugiyoyinsu, gudan ya tsuke ya yi tauri, ya matse wani ruwa rawaya-rawaya ya fitar, bakin raunin ya matso kusa da juna. Duk wannan yana faruwa a yatsarku in wuƙa ta yanke ku kuna yankan albasa, ku kuwa tsaki kawai kuke yi ku ci gaba.

Na kai Sanusi wurin aiki na auna shi da hannuna. 'Yan toshiyarsa suna nan cif, ba su gaza na kowa yawa ba. Amma da na shafa ɗigon jininsa a gilashi na leƙa, sai na ga kowane ɗaya zaune shi kaɗai, alhali na sauran mutane a dunƙule ake samunsu. Na huda masa fatar kunne kaɗan, wadda ta kowa kan bushe kafin a gama gaisawa, tasa ta yi ta ɗiga har na gaji na danne ta. Na kai wa wani likita baƙo da muke aiki tare, dattijo mai haƙuri, ya sake gwajin da kansa, ya duba littattafansa. Ya ce a iya abin da kayan aikinmu za su nuna, ƙugiyoyin nan ne yaron ba shi da su. 'Yan toshiyarsa suna jin kira, suna zuwa, amma ba su da abin riƙe juna. Ya tambaye ni ko ni da uwarsa dangi ne, na ce 'yan maza muke zar. Ya gyaɗa kai ya ce gado ne, sai an samo shi ta uwa da ta uba sannan yake fitowa, shi ya sa mu biyu lafiyarmu lau. Babu maganin warkewa. A kiyaye shi daga asfirin da danginsa, a kiyaye shi daga yanka, in kuwa yankan ya zama dole, to sai a babban asibiti inda za a tanadi 'yan toshiyar wasu mutane a ƙara masa.

Ba a jima ba aka gama girbi a fadama, sai ga Mamman a kan kekensa da saƙon Baba. An sa ranar kaciyar yaran unguwa, Sanusi na cikin sa'o'insu, a kawo shi da wuri ya saba da 'yan'uwansa. Mamman ya ƙara da cewa Baba ya sa an kama zakaru, ya kuma sayi sabon bante da kansa, wai na abokinsa ne, sunan da yake kiran Sanusi ke nan. Bayan ya tafi innarku ta zauna a bakin gado. Ita ba mai musu da manya ba ce, kuma Baba baffanta ne kafin ya zama surukinta.

"Ni dai na ba da guda," ta ce. "Ban ba da na biyu. In ba ka iya hwaɗa mai, ni in tahi in hwaɗi."

Na ce ta bar mini. Na riga na yanke shawara: in Baba ya ƙi ji, zan ɗauki ɗana in fito, ko da zai yi mini baki. Ban san yadda mutum ke rayuwa da bakin uba a kansa ba, amma na san yadda jaririya ke yin fari fat tana numfashi, don haka zaɓin bai yi mini wuya ba, ciwo kawai ya yi mini. Na ɗauki sirinji da auduga da 'yan kwalabe na sa a aljihu, na goya Sanusi a babur muka kama hanyar Argungu.

Mun iske Baba a zaure bayan azahar yana wasa aska a kan fata. Sanusi ya faɗa jikinsa, suka yi 'yar tsokanarsu ta jika da kaka, Baba yana cewa saura kwana kaɗan ya rama duk goron da aka sace masa. Na tura yaron cikin gida wurin Inna, na durƙusa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ban yi kwana-kwana ba. Baba bai daina wasa askar ba har na gama.

"Yaro nawa niy yi ma kaciya garin ga?" ya ce. "Kai kanka wa yay yi ma? Haɓo dai? Mamman ma ya yi haɓo, ga shi nan ƙato. Garin bagaruwa na nan, ban taɓa zuba shi jini yaƙ ƙi tsayawa ba."

"Sau guda ya ƙi, Baba."

Hannunsa ya tsaya. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, kuma na ga ta shige shi. Ya ɗago ya dube ni, abin da bai cika yi ba.

"Kana son a ce jikan wanzami na yawo da loɓa? Sa'o'inai su warke su bar shi? Ƙaƙa za ya shiga cikin mutane? Ko ko boko ta kai ka inda kaka ƙyamar hannun ubanka?"

Na ce ba ƙyama ba ce. Na tuna masa ya sha tambayata abin da nake gani a kwalba, na roƙe shi ya bari in nuna masa sau ɗaya, in ya gani bai gamsu ba sai mu sake magana. Har na ɗauka ya ƙi. Can sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse.

"In awo za a yi, a hwara da nau."

Na ɗebi jininsa na zuba a kwalba ɗaya. Na kira Sanusi na ɗebi nasa na zuba a ɗaya, na ɗaura wa tasa zare a wuya don kada su rikice. Na karɓo ruwan ɗumi a kwano wurin Inna, wadda ta ɗauka alwala za a yi, na tsayar da kwalaben a ciki don su zauna da ɗumin jiki. Inda allura ta shiga hannun Baba ya bushe tun kafin in rufe kwalba. Na Sanusi da na ɗaga audugar sai ga jini ya biyo. Baba ya jawo zabira ya ɗebo garin bagaruwa ya barbaɗa da kansa, ya tofa addu'a, muka zuba ido. Garin ya jiƙe ya yi ja, wani siririn jini ya gangaro ta ƙarƙashinsa. Ya ƙara wani, shi ma haka. Daga nan bai sake ƙarawa ba, ya sa babban yatsansa ya danne wurin, ya zaunar da yaron a cinyarsa yana ba shi labarin wani kada da ya taɓa gani a gulbi, har jinin ya haƙura.

Muna jira na yi masa bayanin 'yan toshiya a gajarce. Bai yi tambaya ba sai da na zo kan tsukewar guda da ruwan da yake fitarwa. Nan ya ce wannan ya san shi, duk mai ƙaho ya san shi, in an juye jini a ƙasa an bar shi yakan janye jikinsa ya bar ruwa a gefe, su a wurinsu ciwon ne ke fita. Na ce a wurinmu alamar lafiya ce. Ya ce to, kowa da karatunsa. Muka tafi masallaci muka yi la'asar muka dawo.

Shi ya fara ɗaga kwalbarsa, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Gudan ya tsuke, ya saki jikin gilashi, yana lilo a cikin ruwa rawaya. Ya ajiye ya ɗauki mai zaren. Jinin Sanusi ya daskare, amma yana nan yadda aka zuba shi, ya cika kwalbar bango zuwa bango, lagwaf kamar kokon da ya huce, babu ruwa ko ɗigo a gefensa. Baba ya karkata ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya sake kai ta haske. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ma yarinyar," ya ce, bai juyo ba, "hakanan nata yake?"

"Ban auna nata ba, Baba. Amma ina zaton haka."

"Kuma ba a sani ba."

"Ba wanda ya sani. Ni ma ban sani ba."

Ya ajiye kwalbar a hankali kusa da tasa. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara jin sanyi a raina, sai ya nuna mini ashe ni rabin matsalar kawai na hango. Ya ce in aka ji jinin gidan nan ba ya tsayawa, wa zai nemi 'yan matan gidan, nawa da na Mamman, waɗanda aka haifa da waɗanda ba a haifa ba? Wa zai kawo wa Mamman ɗansa kaciya, a gidan da maganinsu ya kasa tsayar da jinin jikansu? Shi kuma yaron, da wane suna za a riƙa kiransa a gari? In kuwa na ɗauke shi na tafi ba bayani, za a ce na raina ubana, wannan ma tabo ne da zai bi 'ya'yana. Na ce to mene ne abin yi.

"Ka bar yaron nan, ka zo ran da anka sa. Ka kama bakinka, kai da matarka, har ɗiyanku mata su yi ɗaki. Sauran ka bar min."

Na bar Sanusi a hannunsa na koma Birnin Kebbi. Innarku ba ta yi mini magana ba sai da na rantse mata cewa Baba ya gani da idonsa.

Ranar kaciya na iso da hantsi. An share bayan gida an zuba rairayi, an haƙa 'yan ramuka a jere, iyaye maza sun cika wurin, yara suna tsaye da bante suna zare ido, Sanusi a cikinsu. Baba ya fito da zabira ya zauna, Mamman a gefensa. Ya zaro aska ya wasa ta, ya yi bisimilla, ya ɗaga ta. Sai hannun ya kama rawa. Ba 'yar rawa ba, har askar tana ƙyalli tana kaɗawa, kowa ya gani. Ya sa hannun hagu ya riƙe na dama, ya sake gwadawa, ya ƙara kaɗawa. Ni da na san dalili sai da na kusa yarda, don ban taɓa sanin Baba ya iya irin wannan ba.

"Jama'a, kun dai gani," ya ce. "Ya kwan biyu yana yi min haka ina ɓoyewa. Ban ɗaukar alhakin ɗiyan mutane. Mamman, amshi."

Ya tura wa Mamman zabirar da ko taɓa ta ba a yi, sannan ya miƙa hannu ya jawo Sanusi daga layi.

"Abokina kau, ni niy yi niyyar yi mai da hannuna. Tunda Allah bai nuhwa ba, ban yarda wani wanzami shi taɓa shi ba, ko Mamman. Ubanai shi kai shi wurin masu kwalabe, ran da sunka ga dama."

Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Mamman ya ji haushi ƙwarai, kuma yana da gaskiya, don a gaban jama'a aka nuna bai isa ya taɓa ɗan wansa ba. Haka ya yi wa sauran yaran aikinsu, ya kuma yi shi da kyau. Gari ya ɗauka cewa tsufa ya zo wa Garba Wanzami da rigima da son kai, ya hana jikansa kaciya don kishin sana'a. Ba wanda ya ce komai game da jinin Sanusi, ba wanda ya ce na raina ubana. Duk maganar ta tattara ta koma kan mutum ɗaya, kamar yadda ya shirya. Ƙarya ce ya yi, ita kaɗai na san ya taɓa yi, kuma na bar hukuncinta ga Allah.

Abin da ta ci masa kuwa na gan shi da idona. Wanzamin da aka ce hannunsa na rawa ba mai sake miƙa masa kai. Mutanen da ya yi shekara da shekaru yana aske wa suka koma gaishe shi daga nesa da muryar da ake gaida majinyaci. Dammunan shinkafar da ake kawowa gidan bayan girbi suka koma ƙofar Mamman. Baba, wanda bai san zaman banza ba, ya koma zama a kan buzu a zaure daga safe har yamma. Kuma da yake ya fara, dole ya ci gaba: in dai da baƙon ido a wurin, sai ya kaɗa hannu in zai ɗauki moɗa, har ya daina cin abinci a cikin mutane don ya gaji da zubar da miya da gangan. Inna ta yarda da ciwon ɗari bisa ɗari. Ba irin rubutu da saiwar da ba ta nemo ba, shi kuwa ya shanye su tas bai taɓa yamutsa fuska ba. Har ta rasu ba ta sani ba, Mamman ma haka. Shekarun nan sun tsufar da shi fiye da yadda aiki zai yi, wannan kuma yana damuna har gobe.

Sanusi ma ya biya nasa. Ya sha tsokana, ya daina bin yara wanka gulbi in mun je gida, ya koyi faɗa da baki tunda an hana shi na hannu. Sai da ya kusa gama firamare muka samu yadda muke so a wani babban asibitin koyarwa, abokan aikina suka ba da jini aka tace masa 'yan toshiya, aka yi aikin. Ya yi jini, an ƙara masa, ya tsaya. Da na je Argungu na faɗa wa Baba, tambaya ɗaya ya yi, ko ya tsaya, na ce ya tsaya, ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka kama zakara aka ba ni in kai wa abokinsa. Ku sauran duk na auna ku kuna ƙanana, ba wanda ya fito da shi, amma kowannenku zai iya ɗauke da rabinsa kamar ni da innarku. Shi ya sa na ƙi auren zumunci a kanku ban ba da dalili ba, har aka ce ina da girman kai. Yanzu kun ji dalilin, ku kuma faɗa wa 'ya'yanku. Maganar rawar hannu kuwa, kada in sake jin ta a bakin wanda ya fito daga tsatsona.

Aska ɗaya Baba ya ɓoye bai ba Mamman ba. A shekarunsa na ƙarshe, in na zo gida da safe ya ga ba kowa, sai ya ce in tura ƙyauren zaure.

"Zo nan, Mai Kwalabe. Kanka ya yi kamar na wanda ba shi da kowa."

Sai in zauna a gabansa in sunkuya, ya jiƙa mini kai, ya kama. Ba ya magana in yana aiki, ni ma ba na yi. Hannun nan yana tafiya daga goshi zuwa ƙeya ba gargada, bai taɓa ko ƙwarzane ni ba. Zuwana na ƙarshe kafin ya kwanta ciwon ajali, ya gama ke nan ya ɓoye askar na buɗe ƙofa, sai ga Mamman ya shigo da zabira a kafaɗa. Muka gaisa, ya tsaya yana duban kaina, ya zagaya ta baya ya sake dubawa, irin duban mai sana'a.

"Yaya, wa yay yi ma askin ga? Wanga hannu ya san aiki. Birnin Kebbi anka yi shi?"

Baba yana gefe a kan buzunsa, ya miƙa hannu ya ɗauki moɗar ruwa, ya kaɗa ta har rabin ruwan ya zube masa a riga.